Shekarar da Kaka Ta Je Maroko

Jiya wata mai kayan miya ta kwance ɗaurin na'ana'a a gabana a kasuwa, ƙamshin ya tsayar da ni cak. Kakata ya tuna mani, mahaifiyar babanmu, da shekarar da ta je Maroko.

Ina aji uku a lakwal idanunta suka rufe. Haifaffiyar Tsibiri ce, amma tare muke zaune a gidanmu na Maraɗi, kuma da murya take gane mu. Lokotoron ido ya ce aikin ya fi ƙarfin kayan da yake da su. Sai ƙanen babanmu, mai fataucin jallabiyoyi daga Maroko, ya ce zai tafi da ita. Ƙawayenta suka yi ayari daga Tsibiri don su hana ta, wai Larabawa ba su ganin baƙar fata da gashi.

"Ai ko sun harare ni ba gani zan yi ba," in ji ta.

Ta ƙulle ƙuli-ƙuli da busasshen zogalen gonarmu ta Jiratawa, ta bi ɗanta.

Sun tafi da sanyi, ba su dawo ba sai da mangwaro ya nuna. Da ƙafarta ta sauko daga mota, babu mai riƙe da ita. Ta ɗaga haɓata, ta daɗe tana duba na, ta ce, "Ashe wushirya gare ki!" Babanmu ya juya ya shige zaure, don kada mu ga hawayensa.

Labarin ƙasar kuwa mun sha shi har damina ta fita, kullum bayan la'asar, tana dafa shayi da na'ana'a kamar yadda ta koyo. Ta ce iskar tekunsu har ƙashi take shiga, kuma burodi ne tuwonsu. Amma kowane zance ta ɗauko, kan mace ɗaya yake ƙarewa. Matar tana jinyar uwarta a asibiti, a gadon da ke kusa da na Kaka. Da ta fahimci za a jira makonni kafin a yi wa Kaka aikin ido na biyu, ta ce atafau tsohuwa ba za ta zauna a masauki cikin maza fatake ba. Gidanta ta kai ta.

Ba su da harshe ɗaya sai sallama da alhamdu lillahi. Ranar farko aka ajiye akushi, matar tana ta cewa, "Kuli, kuli!", wato ki ci. Kaka ta yi mamakin yadda aka san guzurinta, ta laluba jaka ta miƙa ƙuli-ƙuli. Da aka gane, gidan ya kaure da dariya. Kashegari ta yi masu kwaɗon zogale, mai gidan har da neman ƙari. Matar ce ke ɗiga mata magani, ita ke juya ta ta fuskanci alƙibla, ta ba ta gadonta ta koma ƙasa.

"Ban san ta ba, ba ta san ubana ba," Kaka kan ce. "Ta ga dai baƙuwa."

Tun daga nan har ƙarfinta ya ƙare, kowace Juma'a sai ta kai tuwo asibiti, ta nemi masu jinya da suka zo daga ƙauye ba su san kowa ba. Wasu a ɗakinta suke kwana.

Yau zuwa Maroko ba abin labari ba ne. Ɗalibai da ƴan kasuwa suna zuwa, su dawo da waya cike da hotunan gine-gine. Gidajenmu ma sun yi dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe. Tawa ƙofar ta ƙarfe ce ni ma. Amma ɗakin da ke kusa da ita ban taɓa sa masa kwaɗo ba, kuma yanzu haka wata mata daga wani ƙauye can bayan Tsibiri tana ciki, mijinta na kwance a asibiti. Sai jiya na tambayi sunan garinsu.