Kwanoni Huɗu na Baba Umara

In ana zancen matan da suka iya gumin shinkafa a Haɗeja, da wuya a tsallake Barira. Shekara ashirin tana kan tukunya, har daga garin Malam Madori ake aiko mata da buhuna. Bakinta kuwa ya fi murhunta zafi, ita ma ta sani.

Da mahaifinta Baba Umara ya ajiye tarun kamun kifi saboda tsufa da ciwon suga, sai 'ya'yansa huɗu suka shiga rige-rigen neman albarka, har da ita. Kowane gida da kwanonsa, safe da rana da yamma. Tsohon kuma mai kara ne, ba ya mayar da kwanon ɗa bai taɓa ba, kada a ce ya raina. Ya ci nan, ya ci can, ga fura da zuma, ga kunun gyaɗa ya sha sukari. Amma wanki da yankan farce da zuwa asibiti, kowa na zaton wani ya yi.

Ranar da ma'aikaciyar asibiti ta duba gyambon da ya fito masa a ƙafa, ta ce in aka ci gaba a haka sai an yanke ta, hankalin Barira ya tashi ƙwarai. Ta tara ƙannenta da matansu a tsakar gida.

"Kuna son Baba, na yarda," in ji ta, "amma da cokali za mu kashe shi."

Ƙanenta Yunusa ya ɓata rai. "Haba Yaya, yanzu mu hana shi abinci?"

"Wa ya ce? Gida ɗaya ne zai riƙa girki kullum, bi da bi. Wanda ba ranarsa ba, ya zo da hannunsa."

Aka yi ta gunaguni, aka dai raba aiki. Yunusa da kekensa ya ɗauki kai shi asibiti, matarsa Sakinatu ta ɗauki wanki, sauran suka raba aski da wanke ciwo da hirar la'asar. Magani kam Barira ta riƙe, don ba ta yarda da kowa ba.

Cikin wata uku gyambon ya rufe. Wata Juma'a Baba Umara ya taka da ƙafarsa zuwa masallaci ya dawo, ya zauna a tabarma yana kallon Barira tana ɓare masa ƙwaya.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Da can kwanoninku kawai ke gaishe ni. Yanzu ku nake gani."