Bushiya da Ɗanta a Hanyar Gwaram

A ƙauyenmu da ke kusa da Farin Dutse, tatsuniya tana da lokacinta. Sai an kai amfanin gona gida, sanyi ya shigo, an yi sallar isha, sannan kakarmu Inna Dije za ta hura wutar kara a tsakar ɗakinta, ta turo mana kwandon gyaɗa. Wanda hannunsa bai ɓare gyaɗa ba, kunnensa ba zai ji komai ba. Ni da yayana Haruna muke zama ta bakin ƙofa inda hayaƙi ke fita, ido yana hawaye amma ba mai motsawa. Idan ta gyara zama sai ta ce, "Ku matsa mata, ta iso." Tatsuniyar take nufi. Mu ce mun ba ta wuri.

Da rana kuwa ko kuka kake ba za ta yi maka ba. Cewa take wanda ya saurari tatsuniya rana tana sama, wata rana zai ɓata a hanya ya kasa gane gidansu.

Yawancin tatsuniyoyinta na Bushiya ne, 'yar aiken namun dawa, wadda ba ta da miji ba ta da ɗa, kullum tana hanya. Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta shekarar fari. Dabbobi suka aiki Bushiya wurin mai rijiyar bayan duwatsu ta roƙo musu ruwan sha. A hanya Kura ta tare ta, ta ce ta ƙara da cewa a haɗo da nama. Biri ya ce ta ce su dubu ne, don a ba da da yawa. Duk wanda ya matso da ƙarin magana sai Bushiya ta dunƙule, ta rufe saƙon a cikinta, ƙayoyi a waje. Da ta isa ta faɗi abin da aka aiko ta da shi, ba ragi ba ƙari, mai rijiya ya buɗe musu. Inna Dije takan tsaya nan ta nuna mu da tsinken tona wuta. "Bushiya ba ta taɓa ƙarya ba, ko sau ɗaya. Kun ji ko, masu kunnen ƙashi?"

Yanzu na haura hamsin. Faci nake yi a Birnin Kudu, kuma shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Hannuna ba ya sauri, amma ba na gaggawa. Da na ga ina iya cika shafi, sai na sayi littafi mai kauri na fara rubuta tatsuniyoyin Inna Dije, don 'ya'yanmu ba su san muryarta ba. Duk wadda na gama sai in kai wa Yaya Haruna in karanta masa, shi da ya girme ni da shekara shida, ya gyara mini inda na kauce. Mun yi bakwai lafiya. A ta takwas muka tsaya.

Ta takwas ni kaɗai na ji ta. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas zazzaɓi ya kwantar da ni har na daina gane mutane sosai. Aka ɗora ni a jaki za a kai ni asibitin Gwaram, Inna Dije tana tafe a gefe tana riƙe da ni. Abin da nake tunawa shi ne rana tana dukan kaina, ita kuma tana ba ni labarin Bushiya da ɗanta. Ɗan ya yi ciwo har ƙayoyinsa suna zubewa, uwar ta goya shi za ta kai shi wurin mai magani. Yana ta tambaya ko sun kusa, ita kuma tana cewa bayan wancan dutsen ne. In sun wuce shi sai ta ce na gaba take nufi. Haka ta yi ta ja masa rai, dutse bayan dutse, don kada ya rufe ido, har suka isa.

Yaya Haruna bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce Bushiyar Inna ba ta da ɗa, ba ta ƙarya, kuma Inna ba ta tatsuniya da rana. Abu uku, kowanne ya isa. Ya ce zafin zazzaɓi ne ya dafa mini ita a kai.

"Idi, ka ji tsoron Allah. Baki yana faɗa a manta, amma takarda ba ta mantuwa. Kar ka sa wa mamaciya maganar da ba ta yi ba."

Na dawo gida. Kwana da kwanaki ina faci hankalina ba ya wurin, har na manna wa wani mai babur faci a gefen hujin. In gaskiyar Yaya ce, na yi wa kakata ƙarya da hannuna, jikoki su karanta su ɗauka. In kuwa gaskiyata ce na yage shafin, na binne abu ɗaya tak da ta yi domina.

Ana cikin haka wata Laraba na isa aji da wuri, na tarar da malaminmu, Malam Sabitu, yana musu da abokinsa a kan wani wasan bidiyo da suke bugawa. Wasan yana da kashi uku manya a kan wani mayaƙi, sai kuma aka fitar da wani ƙarami na waya a kan maƙerin da ke ƙera masa makamai. Abokin ya ce ƙaramin ba ya cikin asalin labarin, tunda a kashi na biyu an nuna maƙerin ba shi da kowa, a nan kuwa ga shi da ƙanwa. Malam Sabitu ya ce rashin ambato ba rashin ƙanwa ba ne. Abokin ya ce masa ai shi ko tallan wasan aka nuna masa zai ce asali ne. Ni dai na kasa kunne, don rigimarmu ce sak. Na tambayi wa ke raba irin wannan gardama.

Malam Sabitu ya yi dariya. "Masu wasan da suka ƙirƙiro shi, Baba. Su za su fito su ce yana ciki ko ba ya ciki. Sai dai wani lokaci su yi shiru, mu yi ta fama."

Nasu masu wasan suna da rai. Tawa mai tatsuniyar ta shekara talatin a ƙasa.

Ban da ni, mutum ɗaya ya rage wanda ya yi tafiyar nan ta Gwaram, Goggo Ladi, ƙanwar babanmu, da ke aure a Kiyako. Na hau mota ranar Juma'a, na san in ta ce ba a yi ba, shi ke nan. Ta saurare ni tana tsince wake. Ta ce ita a baya take da tulun ruwa, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, kuma ba ta taɓa sanin Bushiya da ɗa ba.

"Amma bakinta bai tsaya ba har Gwaram," in ji ta. "Kuma na ga tana ta nuna maka duwatsu. Na ɗauka addu'a take."

Iyakar abin da na samu ke nan. Bai kai shaida ba, bai kuma bar ni in yage shafin ba. Da na faɗa wa Yaya Haruna sai ya ce ai ga shi nan, addu'a ce. Na ce mai yiwuwa.

Abin da na yi shi ne, na bar bakwai ɗin a jere, na tsallake shafi biyu, na sake rubuta ta takwas a can. A samanta na rubuta cewa ni Idi kaɗai na ji wannan, da rana, ina cikin zazzaɓi, yayana bai yarda tata ce ba, goggona ta ga baki yana motsi amma ba ta ji ba. Layi huɗun nan sun ci mini yamma guda.

Ina yaro na ɗauka darasin Bushiya mai sauƙi ne, kar ka ƙara kar ka rage. Ban san akwai ranar da mutum zai rasa gane wanne ne ƙari wanne ne ragi ba. Abin da na iya shi ne in miƙa saƙon tare da shakkar da ke jikinsa. Har yau Yaya Haruna ba ya bari in karanta ta a gabansa. Amma makon jiya 'yarsa ta haihu, jaririn ba lafiya, aka kwantar da su. Da zan tafi dubiya sai ya biyo ni har bakin titi, ya ce ba wai ya yarda ba ne, amma in tafi mata da littafin.