Sulemanu Ya Ɗaure Giya da Kiri

"Ka ji an ce Sulemanu ya gyara giyar motarsa?"

"Wane bakanike ya kai wa?"

"Sulemanun? Da fatar saniya ya ɗaure ta."

"To, Allah ya sa kada motar ta fara neman harawa."

Haka ake hira a tashar Dayi a ranin nan, kuma wanda ake magana a kansa yana jin su. Bai damu ba, don shi duk inda aka ambaci sunansa yabo yake ɗauka.

Sulemanu Dogo manomin auduga ne daga wani ƙauye bayan Dayi. Ubansa majemi ne, a cikin warin fata ya tashi, ya kuma tashi da tabbacin babu abin da ya gagari hannunsa. Bayan an canza hannun tuƙi, motoci masu sitiyari a dama suka yi araha. Ya kai auduga Funtuwa, ya dawo da tsohuwar ƙaramar bas, kiya-kiya mai inji a baya. Tun daga ranar ya daina amsa sunan manomi. Ko a coci, in an ce manoma su tashi a yi musu addu'ar damina, sai ya gyara zama ya kaɗa makulli.

Makanikai kuwa bai ɗauke su mutane ba. Akwai Mudi a Malumfashi, wanda duk direbobin hanyar ke kai wa aiki. Sulemanu ya taɓa faɗa masa a bainar jama'a, "Kai da ni bambancinmu baƙin mai a riga. Ranar da ka ga motata a garejinka, ka ce ba Dogo ya haife ni ba."

Ana nan sai sandar giya ta fara lilo. A ƙarƙashin motar akwai wani dogon ƙarfe da ke kai saƙon hannun direba zuwa baya, robar da ke riƙe mahaɗinsa ce ta cinye. In zai sa giya sai ya yi ta juya sandar kamar mai tuƙa talge, fasinja na jira, injin na kuka. A hankali mutane suka koma wajen Mati, wanda ya sayo Hayis sabuwa. Waɗanda suka rage masa su ne matan zumunta na cocinsu, su ma don matarsa Marka tana cikinsu, kuma ita ke roƙa masa.

"Maigida, ka kai wa Mudi mana," in ji Marka. "An ce roba ce kawai."

"Roba. Da me ubana ya ɗaure ƙotar gatari har ta ga jikoki? Da roba?"

Ya yanko kiri, wato igiyar ɗanyar fata, ya jiƙa ya yi laushi, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar. Ya naɗe mahaɗin, ya ja da haƙori, ya ƙulle. Ya bar motar a rana. Ɗanyar fata in ta bushe tsukewa take yi, sai ga giya tana shiga ƙat, kamar daga kanti. A gaskiya aikin ya yi, kuma wannan shi ne babban abin da ya cuce shi.

Duk ranin nan babu wanda ya huta. In ka shiga motarsa sai ka taɓa sandar. In ka ce kana sauri, sai ya ce ka leƙa ƙasa tukuna. Har ya fara cewa da Turawa sun san kiri da ba su wahalar da kansu ba.

Damina ta sauka. Aka sa ranar babban taron matan zumunta a Malumfashi, inda kowace ƙungiya ke fitowa da waƙarta. Matan ƙauyen sun daɗe suna koyon tasu, sun ɗinka anko. Shugabarsu Mama Rahab, dattijuwa mai gajeren haƙuri, ta kira Sulemanu ta ce, "Ɗana, Mati ya ce zai kai mu. Saboda Marka na ce a'a. In ka makarar da mu, kada ka ƙara ganin ƙafarmu a motarka."

"Mama, ku za ku share wa sauran wurin zama."

Hanyar ƙauyen akwai rafi marar gada, kuma an kwana ana ruwa. Da suka iso, Mama Rahab ta ce a sauka a taka da ƙafa, a rage wa motar nauyi. Sulemanu ya ce ba a saukar masa da fasinja. Ya faɗa ruwan, a tsakiya ma har ya tsaya yana nuna musu yadda direban kirki ke karanta rafi, ruwa na wanke cikin motar. Suka haye, ya waiwayo yana jiran tafi.

Sun ɗan yi tafiya cikin taɓo, sandar ta fara laushi a hannunsa. A gindin wani tudu ya nemi giya ɗaya, babu. Ya nemi ta biyu, babu. Sandar ta zagaya ta dawo, motar ta yi ta gurnani a wuri ɗaya.

"Mene ne?" Mama Rahab ta tambaya.

"Hutawa take yi."

Ya sauka ya kwanta cikin taɓon. Kirin ya sha ruwa ya saki, ya yi santsi kamar kuɓewa. Ya ja, ya zame. Ya ƙulle, ya kwance.

Ladidi, mai buga wa matan ganga, ta leƙo ta taga. "Baban Laraba, fata ce ta jiƙe? Ai ko gangata in ta sha raɓa sai na kai ta bakin murhu. Kai da aka haifa a majema ba ka sani ba?"

"Rana na fitowa za ta kama," ya ce daga ƙasa.

Matan duk suka ɗaga kai. Hadari ne baƙi ƙirin daga gabas har yamma.

Babu wadda ta yi masa faɗa. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, suka tattare zannuwansu, suka tsaya a gefen gona. Can sai ga Hayis ɗin Mati ta fito daga wani ƙauye, ya kai taki zai koma. Mama Rahab ta ɗaga hannu.

Mati ya tsaya, ya dubi ƙafafun da suka fito daga ƙarƙashin kiya-kiya. "Sannu da aiki, injiniya. A yanko maka wata saniyar?"

Sulemanu na kwance a ƙarƙashin motar. Yana ji ana kwashe ganga da tabarmi da ƙullin abinci. Mama Rahab ta ce wa Mati da ƙarfi, don na ƙasa ya ji, "Daga yau har taron Kirsimeti kai ne mai kai mu."

Marka ce ta ƙarshe. Ta tsaya a kansa da takalmanta a hannu. "Maigida, ni ce mai bayar da waƙa. Zan bi su."

Ya jawo jiki ya fito, taɓo har cikin kunne. Ya dubi sama, ya dubi guntun kirin da ke hannunsa. Sai da ta sa ƙafa a motar Mati sannan ya matso, ya rage murya, amma duk motar ta ji.

"Marka, in kin isa ki biya garejin Mudi, ki ce ya zo da robar nan. Don Allah kada ki ce ni na aike ki. Ki ce wata mota kika gani a hanya."