Goyon da Na Kwance a Jirgin Baba Na'Allah

Ranar Talata ce. Maigidana ya fita tun asuba da albasa a bayan babur, ya nufi kasuwar Talata Mafara. Na dama koko na ba Nana, 'yata mai shekara shida, na goya Audu, na hau sussukar gero. Audu bai isa yaye ba. Haƙoransa biyu, kuma duk fushin da ya yi a kafaɗata yake hucewa.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi, tsakanin Bakura da Maradun. Damina ta yi nisa, ruwa ya cika ya batse. Jirgin fito ɗaya gare mu, na Baba Na'Allah, dokarsa kuma ɗaya, wadda ya gada: mace ba ta shiga jirgi da goyo a baya. Sai ta kwance ta rungume. Ya ce in jirgi ya kife, uwa tana ta kanta, ɗan da ke baya yana shan ruwa ba ta sani ba. Ni mai baki ce, na sha yi masa tsiya. Nakan ce tsoronsa ya girme shi. Yakan yi dariya, amma ba ya tura jirgi sai na kwance.

Kakana ya je yaƙin Bama. Muna yara yakan ba mu labarin jiragen Japan da ake nutsarwa a teku. Ya ce wani jirgi ne ke bin su ta ƙarƙashin ruwa kamar kada, kuma ba sojoji kaɗai ke ciki ba, har da mata da yara da fursunoni. "Ba ka ganin wanda yah halbe ka," in ji shi, "sai dai ka ga ruwa na shigowa." Mu kuwa dariya muke yi. Muka ce tsoho ya fara ruɗewa.

Hantsi ya ɗaga na ji baburan 'yan bindiga daga wajen daji. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Taɓarya tana hannuna aka yi harbin farko ta wajen masallaci. Wani ya kwarma ihu: "Sun taho! Ku yi gulbi!"

Na fizgi hannun Nana. Ban ɗauki takalmi ba. Na bar gero a turmi. Muna gudu hayaƙin rumbuna yana tashi a bayanmu, Audu yana bubbuga kai a bayana, bai ko yi kuka ba.

A bakin gulbi jama'a sun riga mu. Jirgin da ya saba ɗaukar 'yan kasuwa da kajinsu, ranar rabin gari ya hau shi. Tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba. Baba Na'Allah yana tsaye a baya yana ɗaga murya.

"Kowa shi zamna! Mata, ku kwance goyo!"

Na kwance. Ranar ce kaɗai ban yi masa gardama ba. Na bar majanyi a ƙugu, na rungume Audu da hannun hagu, Nana ta riƙe zanena. Kulu, maƙwabciyata, ta ƙi. Ta ƙara tamke goyonta ta sunkuyar da kai.

Muka kai tsakiya. Ƙarar babura ta ɗauke. Ba a jin komai sai ruwa da salati ƙasa-ƙasa. Har na ce a raina mun tsira.

Harbin ya fito ne daga cikin dogayen ciyawa, ƙasa da inda muka taso. Ban ga kowa ba. Na ji katako ya yi ƙara kusa da ƙafata, ruwa ya fara tsartuwa. A lokacin, wallahi, muryar kakana na ji. Harbi na biyu ya sami Baba Na'Allah. Ya saki abin tuƙi, ya zauna a hankali kamar wanda ya gaji. Mutane suka miƙe gaba ɗaya, jirgi ya karkata.

Ruwan ja ne, da sanyi, da ƙarfi. Na iya iyo, a gulbin nan na girma. Amma 'ya'ya biyu gare ni, hannu biyu. Na ji Nana ta saki zane. Na kai hannun dama na damƙo kitsonta. Wata, ban san ko wace ce ba, ta rungumo wuyana ta ja ni ƙasa. Na shure ta. Da na taso, hannuna na hagu yana nan a lanƙwashe yadda na riƙe shi, babu kowa a ciki.

Ban sake shi ba. Ban san lokacin da ya fita ba.

Na kama reshen wata bishiya da ruwa ya kwantar. Nana tana amai a kafaɗata, ni kuma ina kiran Audu, yaron da ko sunansa bai gama sani ba. Masunta daga ƙetare suka ciro mu. Ana kiran azahar suna ta nutso. Kulu ta fito da ranta, goyonta yana ɗaure daram a baya. Ta yi ta jijjiga shi tana cewa barci yake. Wata tsohuwa ce ta kwance mata shi ta rufe da gyale.

Na tsaya ina kallonsu, kuma zan faɗi gaskiya, hassada na ji. Ita ta samu abin binnewa.

Da la'asar wata motar kaya ta kai mu Talata Mafara, aka sauke mu a filin wata makaranta. Nono ya cika ya jiƙa mini riga. Maigidana ya iso kafin magariba, yana bin mata ɗaya bayan ɗaya. Ya ga Nana ya ɗauke ta. Bai dubi fuskata ba, ya zagaya ya dubi bayana. Majanyi yana nan a ƙuguna, bai bushe ba. Ya durƙusa a wurin da yarinyar a hannu.

Baba Na'Allah an sami gawarsa washegari. Ɗan Kulu an binne shi a ƙetare. Audu, gulbi bai dawo da shi ba. Har yau in na sunkuya ɗaukar wani abu, sai na kai hannu baya in tallafe shi.