Rufin Motar Kawu Orval

Da mahaifiyata ta ce mini yayanta, Kawu Orval, ya rage cin abinci saboda rufin motar maƙwabcinsa, ban yarda ba. Na ɗauka tsufa ne, ko wani ciwo da yake ɓoyewa. Shi kansa rufin ma ban yarda da shi ba. Shekara bakwai na yi a Norway ina karatun kayan gini, kuma duk abin da aka ce ana fesawa sau ɗaya a huta har abada, a kunnena daɗin bakin ’yan talla ne. Da waɗannan shakku na isa Yuma, garin hamadar da suke cin hunturu, a watan Janairu.

Orval Brandvold ya shekara talatin da huɗu yana gyaran rufin rumbunan alkama a Dakota ta Arewa. Da ya ajiye aiki, shi da matarsa Anti Darlene suka sayar da gida, suka sayi motar tafi-da-gidanka, suka bi sahun tsofaffin da ke gudun ƙanƙara duk shekara. Zangonsu na ɗaukar motoci wajen sittin, dukansu masu rufin roba, irin wanda rana ke busarwa har ya tsage a bakin tagogin sama. Shekara goma sha shida, duk wanda ya iso a watan Nuwamba, kafin ya gama sauke kujerunsa zai hango Kawu tafe da tsani a kafaɗa. Sai ya cire takalmi ya taka rufin da safa kawai, don tafin ƙafarsa ya ji inda katakon ƙasa ya fara ruɓewa. Ya kankare tsohon danƙo, ya zuba sabo. Ko sisi ba ya karɓa, ladansa kek ɗin tuffa ne. Ƙarfe huɗu na yamma kuma, in an fito da kujeru da abin sha, a ƙarƙashin rumfarsa ake taruwa.

Bana sai Vern Tuttle, tsohon likitan haƙori daga Iowa, ya iso da sabon abu. Anti ce ta ba ni labarin. Kawu ya jingina tsani ke nan, Vern ya leƙo ta taga.

“Ajiye tsanin nan, dattijo, kar ka karye a banza. An yaye robar kaf, an fesa wani. Ba gaɓa, ba tsaga. Ni da danƙo mun yi sallama.”

“Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa?”

“Shi ya sa na kai wa waɗanda suka iya.”

Kafin in zo, zaman ƙarfe huɗun yamma ya koma ƙofar Vern. Tsofaffin da ke kukan ciwon gwiwa su ne ke bin juna a tsaninsa, su shafa rufin, su sauko suna jinjina kai. Kawu na zaune a rumfarsa shi kaɗai, da jarida a hannu, ba ya juya shafi.

Muna cin abincin rana Anti ta ce, “Vern ya ce ko reshen itace ya goge shi ba ya yagewa.”

“Vern ya ce, Vern ya ce. To ki koma ƙarƙashin nasa mana.”

“Ai can nake kullum ƙarfe huɗu. Kai ne ka ƙi zuwa, tsohon rigima.”

Ya ture farantinsa, ya dube ni. “Ke Injiniya, gobe ki hau mini rufin mutumin nan. Ki duba bakin tagogi da gefe-gefe. Dole akwai inda ya ɗaga.”

Na hau, kuma gaskiya na so in samo masa aibi. Na durƙusa na bi kowane lungu da yatsa, na danna da makulli. Abin ya yi kaurin tafin takalmi, ya lulluɓe komai sumul, ba inda ruwa zai samu ƙofa. Kawu na riƙe mini da tsani, fuskarsa na kallon wani waje.

“Yaya?”

“Kawu, aikin ya yi kyau.”

“Shekara bakwai a ƙasar waje, abin da aka koya miki ke nan?”

A makon nan mutum huɗu suka ba da sunansu a wurin masu feshin. Ta biyar ita ce Opal Renfro, wadda mijinta ya rasu, kuma kek ɗinta ya fi na kowa a zangon. Ta zo da shi da zafinsa, tana sunkuyar da kai, ta ce ɗanta ne ya matsa mata. Kawu ya yi godiya. Kek ɗin ya kwana uku a kan tebur bai taɓa ba.

Rana ta huɗu ya ce shi ma zai fesa, amma da hannunsa. Ya kwana uku yana yaye robar motarsa, kuma a nan na ga gwanin da ake faɗa. Bai yagi katako ko ɗaya ba, ya gano falanki biyu masu laushi ya sauya su. Sannan ya je gari ya yi hayar injin feshi, ya sayo bokitan ruwan. Mai shagon ya gargaɗe shi a gabana: a yi aikin cikin rufaffen gareji, in kuwa babu, to da sassafe kafin iska ta tashi. Muna hanya na maimaita masa.

Ya ce, “Da sassafe wa zai gani?”

Kowa a zangon ya san iskar hamada na tasowa da la’asar, Kawu ma ya fi kowa sani. Amma sai da ya jira uku da rabi, lokacin da ake fito da kujeru, sannan ya hau sanye da fararen kayan aiki da abin rufe hanci. Injin ya ɗauka, mutane suka juyo da kujerunsu. Minti goma kamar zamanin da ne ya dawo, duk ido na kansa, hannunsa na tafiya daidai ba rawa. Sai iska ta taso ta kwashi feshin, Opal ta cire tabaranta tana gogewa, ya ƙi goguwa. Ɗigo-ɗigon fari ƙanana sun sauka a kan motoci goma sha ɗaya, da baƙin karen Opal, da jar a-kori-kurar Vern da yake wankewa duk Asabar.

Vern ya zagaya motarsa sau ɗaya, ya ɗaga kai. “Orval, na gode ƙwarai. Sai dai ni rufin kawai na so a fesa.”

Kwana tara muka yi mu uku, da reza da tsumma, muna kankare gilasai. Ba wanda ya yi wa Kawu faɗa, kuma ina jin ya fi son a yi. Kowace safiya Vern kan kawo masa kofi, ya tsaya yana nuna masa ɗigon da ya tsallake. Rufin Kawu ya bushe da ƙuraje kamar bawon lemo, gefe ɗaya ya fi kauri. An yi ruwa a Fabrairu, bai yi yoyo ba. Ba wanda ya tambaya.

Da aka fara naɗe rumfuna a watan Maris don komawa arewa, mutum uku kacal suka ce masa ya tanadi tsani don Nuwamba. Anti ba ta ɓoye jin daɗinta ba. Ta ce mini shekara goma sha shida tana riƙe wa mutum tsani gabanta na faɗuwa, yanzu ya kai saba’in da uku, ya isa haka.

Ranar da zan tafi na same shi yana ɗaure tsanin a bayan mota. Na ce, “Kawu, naka ma ba ya yoyo. Me Vern yake da shi da kai ba ka da shi?”

Ya ja igiyar ya ƙulle, sannan ya ce, “Shekara goma sha shida ina hawa rufin mutanen nan. Ba wanda ya taɓa cewa bari in hau in ga aikinka. Shi kuwa da bai taɓa nasa da hannu ba, layi ake yi.”