A Shagon Mijin Ɗiyata Na Koyi Manna Leda

Assalamu alaikum. Daga Birnin Konni nake rubuto wannan, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Ni mutum ne da ya ci ƙuruciyarsa da burushin fenti a hannu. Na rubuta allunan shaguna a Kumasi, na yi wa manyan motoci ado a Kwatano da Kano, na zauna a Sabha har Larabci ya kama bakina, ga Faransanci da ɗan Yarabancin kasuwa. Da ƙarfi ya fara raguwa na dawo gida, ina zaton sana'ata tana jirana. Sai na tarar babu mai neman fenti. Yanzu inji ke buga hoto da rubutu a kan leda mai gam, a manna wa mota ita kamar riga.

Wanda ya iya wannan aiki a wajenmu mijin ɗiyata ta fari ne, yana da ɗan shago kusa da tasha. Zaman banza ya ishe ni, sai na aika ƙanena ya gaya masa ina so in koya. Ban tsaya na yi tunanin cewa ba shi da bakin cewa a'a ba. Ranar da na fara zuwa, a cikin shagonsa ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ni, kuma haka ya riƙa yi kullum. Ba ya kallon idona. In zai nuna mini abu sai ya yi shi a gabana shiru, in na tambaya ko nawa ya yi kyau, ya sunkuyar da kai ya ce ai hannun Baba ba ya kuskure. A Kumasi maigidana da tsumma yake jifana in na karkace harafi. A Sabha na ga yaro yana daka wa sa'an ubansa tsawa a kan aiki, su gama su sha shayi tare. A nan kuwa malamina ba ya iya ce mini na ɓata.

Ita ledar tana da halinta. In an zo lungu ko kwarin jikin mota, lallaɓa ta ake yi, a hura mata iska mai zafi ta kwanta da kanta, a sake gasa ta bayan an gama. Ni kuwa sai in ja ta da ƙarfi kamar mai ɗaure fatar ganga. Ranar takan yi sumul, har in ja da baya ina yaba kaina. In rana ta doke ta kwana biyu sai ta tsuke ta ɗaga baki. Ban sani ba, domin duk lokacin da na tafi sallar azahar da ɗan kishingiɗa, sai ya ɓare abin da na manna ya buga sabuwa ya sa. Wata rana na lura mahaɗin leda a ƙofar wata mota ba inda na bar shi yake ba. Daga nan zuciyata ta fara gaya mini gaskiya.

A nan na shiga tarkon da ban taɓa shiga irinsa ba a duk yawona. In na tambaye shi, na tilasta masa ya ce surukinsa na yi masa ɓarna, abin da ba zai taɓa faɗa ba. In na daina zuwa, gari zai ce ya kori uban matarsa. Ɗiyar kuma ta fari ce, ko sunanta ba na kira, balle mu zauna mu yi wannan magana, uwarta kuwa ta rasu. Haka nake tashi kowace safiya, in je ya durƙusa, in karɓi reza in kama aiki, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abin da ya sani.

Da kakar albasa wasu 'yan kasuwa daga wajen Malbaza suka kawo motocinsu a manna musu sunan ƙungiya. Suna sauri, direbobi na zaune a bakin shago, babu damar a ɓare a sake. Mota ta fita da aikin hannuna. Ba a jima ba ta dawo, ledar na kaɗawa a gefenta kamar yagaggen zane. Shugabansu ya tara mutane yana faɗa, yana tambayar ko da miyau aka manna. Mijin ɗiyata ya ce shi ya yi da hannunsa, a yi haƙuri. Ina tsaye a wurin, na bar shi ya ɗauki laifina. Suka kwashe sauran motocin zuwa ƙetaren iyaka, labari kuma ya zaga tasha.

Wata taubashiyata ce daga Tajaye ta fasa ƙwan, da ta zo biki. Ta ce ta ji na zaga duniya na dawo ina tuɓe wa motoci zane a kan hanya, ta ce in riƙa sa musu majanyi. Muka yi dariya, sannan ta ja ni gefe ta ce mijin ɗiyata ya sayar da injin bugawa, yana shirin tafiya Abijan. Na tura ƙanena da ban haƙuri. Amsar da ya aiko ita ce Baba ba shi da laifi, shi ne bai iya koyarwa ba. Ya tafi. Ɗiyata da 'ya'yanta suna gidana yanzu, tana kawo mini tuwo ta durƙusa ta ajiye, ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Ba na zagin kunya, da ita aka raine mu. Amma na gane cewa girman da aka ba ni, wani ne ya biya shi da sana'arsa. 'Yan'uwana dattawa, kada ku nemi koyo a hannun wanda ba zai iya ce muku kun ɓata ba. In kuma ya zama dole, ku sa bakin na uku a tsakani tun ranar farko, taubashi ko aboki mai iya yi muku dariya a fuska. Ni nawa bakin na ukun ya zo ne bayan an kulle shago.