Wa Ya Kafa Dokar Jera Sunaye?

Jama'a, yau ordinatar, wato kwamfuta, ta tsinka ni a biro, wurin aikinmu!

Kun dai san ni, shekara goma sha biyar ina rubuta furogiram, ko aljani bai taɓa maido mini da aiki ba. To yau na gama na kasuwar dabbobi, shef, shugabanmu, zai tafi da shi garin Barmu a gwada, mota na jira a ƙofa. Na tura wa ordinatar ta duba. Allo ya yi ja, alamar an ƙi! Na sake turawa. Ja wur! Wai yadda na jera sunaye, rago, akuya, jaki, raƙumi, ya saɓa doka. Wai sai na cire waƙafi da alamun zance, na jera su tsirara a layi guda. Ikon Allah! Kaina ya ɗaure tamau.

Shef ya leƙo ya ce, "Malam Idi, direba ya gaji fa."

Na ce, "Shef, aikina lafiya lau! Wani marar aikin yi ne ya kafa wannan doka. A nemo mini shi!"

Hadiza, abokiyar aikina, ta bincika, ta juyo mini da allon.

"Yaya Idi, kai ka kafa ta bara. Har ka rubuta wanda ya karya zai sayo wa biro balangu. Nawa a sa yaji sosai."